Ku tambayi Tanti: "Wasa nake yi" in ji shi, amma ni da abin nake kwana

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon, biyu daga nan Yamai ɗaya daga Tawa, sai da na jera su ina karantawa na ga ashe ciwo ɗaya ke damun masu su, wurin da ya kama kowa ne dai ya bambanta. Kamar kullum na cire sunan mutane da sunan ma'aikata.

Wasiƙa ta farko

Tanti ina wuni, ya gida ya zafi. Ni ƴar Tawa ce, shekarata 27, na karanta lissafin kuɗi a jami'ar Tawa, yanzu shekara biyu ke nan ina aikin kwantabul a wani kamfani nan Filato. Tanti wallahi babu wanda ya taɓa zagina, babu wanda ya ɗaga mini murya, shi ya sa ma na daɗe ban rubuto ba don ban san me zan ce an yi mini ba. Ran da na fara aiki shef ya ji na yi bayani da faransanci sai ya ce kai madalla, ke kam ba ki yi kama da ƴan Tawa ba. Na yi murmushi na ce na gode, sai da na shiga faba-faba zan koma gida maganar ta dawo mini, to su ƴan Tawa da me suka yi kama? Daga nan wani abokin aiki ya laƙa mini "ƴar albasa", in na je gida konje na dawo sai ya toshe hanci ya ce an sauke kayan Galmi, kowa ya kwashe da dariya. In ana taro mu takwas ne, mata biyu, da an shigo da shayi ni ake kallo, ni ce mai zubawa ni ce mai rubuta abin da aka tattauna, alhali ga yara maza biyu masu sitaji zaune suna danna portabul. Watan jiya na kawo shawara kan yadda za mu riƙa bin bashin da ke waje, babu wanda ya tanka, can bayan kamar minti goma wani namiji ya maimaita maganata kusan kalma da kalma sai shef ya ce wannan dabara ce a rubuta, kuma ni ɗin ce na rubuta da hannuna da sunansa a gefe. Ga tambayar yaushe za mu sha biki kullum, wani ma cewa ya yi ai ba a ba mace babban dosiye don gobe sai ta ce ciki gare ta. Ran da na ɗaure fuska aka ce ke ba ki san wasa ba, mu nan duk ƴan uwa ne. Innata ta ce in yi haƙuri aiki wuya gare shi yanzu. Amma Tanti daren Lahadi ba na barci, cikina ya yi ta murɗawa. Ni ce na cika sa abu a rai, ko da gaske wani abu ake yi mini?

Ɗiyarki daga Yamai

Amsa

Ɗiyata, wani abu ake yi miki. Na fara da wannan ne don na ga shekara biyu kina tuhumar kanki, kuma wannan tuhumar ita ce rabin ciwon.

Mu Hausawa ba mu rasa sunan magana mai ƙaya ba, akwai habaici, akwai gugar zana, akwai shaguɓe da gatse da zambo, amma duk waɗannan mai yin su ya san abin da yake yi, ya auna ya harba. Naki ya fi su wuyar kamawa don sau da yawa mai yin sa bai ma san ya yi ba, shef ɗinki ran nan ina kyautata zaton yabonki yake a ransa, sai dai yabon ya taka kan iyayenki da garinku kafin ya iso gare ki. Ni ƙaramin raini nake ce masa. Wani likitan ƙwaƙwalwa baƙar fata a jami'ar Harvard ta Amurka, Chester Pierce, shi ya fara sa wa abin suna a 1970, da ya lura da ƴan ƙananan wulaƙancin da baƙaƙe ke sha kullum a hannun farare, irin wanda in ka ɗauki guda ɗaya ka kai ƙara za a ce ai wannan ba komai ba ne, amma yau da gobe sai ya taru ya yi nauyi. A 2007 wani malamin ilimin halayyar ɗan adam na jami'ar Kolombiya, Derald Wing Sue, da abokan aikinsa suka kasa shi gida uku: akwai na gangan, akwai cin fuskar da ke ɓuya cikin yabo ko wasa, akwai kuma ƙaryata abin da mutum ya ji a ransa. Ki koma wasiƙarki za ki same su duka. Mai toshe hanci ya san abin da yake yi. "Ba ki yi kama da ƴan Tawa ba" shi ne na biyu. "Ba ki san wasa ba" shi ne na uku, kuma a wurina shi ya fi ciwo don shi ke sa mutum ya fara shakkar hankalinsa.

Akwai masanan da suka soki wannan bincike suka ce abin ya dogara da kunnen mai ji, abin da ya ɓata wa wannan rai wancan ko a jikinsa, kuma suna da gaskiyarsu, ba na so ki zama mai tsintar laifi a kowace gaisuwa, hakan ma gajiya ce. To yaya za ki bambance? Ni abin da nake dubawa shi ne, abin sau ɗaya ya faru ko ya zama na kullum, kuma a kan me yake sauka, a kan aikin da kika yi ko a kan abin da ba ke kika zaɓa wa kanki ba, garinku, harshenki, kasancewarki mace. In shef ya ce lissafinki akwai kuskure wannan gyara ne ko da ya faɗe shi da kaushi, ki karɓa ki gyara. Amma babbar alamar ita ce wannan: kina iya ramawa?

Bari in tsaya nan kaɗan don nan ne ake rufe mana baki. Ƙasarmu ta wasan taubasai ce, Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, Bagobiri da Bazabarme, har UNESCO ta sa wannan al'ada tamu cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma ni ina alfahari da ita, na sha ganin faɗa ya mutu a tasha don kawai an gano masu faɗan taubasai ne. Amma taubastaka tana da doka. Dukkan ɓangarorin sun san da ita tun kaka da kakanni, in ka jefa ana jefo maka, talaka na iya yi wa mai kuɗi, kuma ana ƙarewa da dariyar mutum biyu. Yanzu ke in kika tashi cikin taro kika ce wa shef shi ma bai yi kama da ƴan garinsu ba, me zai biyo baya? Kin san amsa. Wasan da mutum ɗaya ke jifa ɗaya na haɗiyewa don yana tsoron albashinsa, wannan ya fita daga taubastaka, rigarta kawai ya ara. Kuma kar a ɗauka wata ƙabila nake nufi, mu ma Hausawa muna yi, na ga buro inda ake juya magana zuwa Hausa da gangan in ana so a bar Bagurmance ko Bazabarme a baya, na ga inda ake kwaikwayon Hausar Bafillace ana dariya yana tsaye.

Ni ma na sha nawa. Farkon aikina ina buga takardu a wata ma'aikata, akwai wani babba da ya shekara uku bai kira sunana ba, "ke yarinya" kawai, alhali kowace takarda da yake sa wa hannu ta hannuna ta bi. Ina tuna faranti na shayi, na ƙarfe ne mai zanen furanni, kofuna shida, hannuna na rawa in na ɗauko shi don na san da na aje za a ci gaba da magana kamar iska ce ta shigo. Ran da na yi ƙarfin hali ban yi wani dogon jawabi ba, na kai masa takarda ya ce ke yarinya, sai na ce ranka ya daɗe sunana wance, zan ji daɗi in ka kira ni da shi. Ya ɗago ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. Bai ba ni haƙuri ba, amma daga ranar da sunana yake kirana har ya yi ritaya. Shekara uku na ɗauki abin da jimla ɗaya ta sauke, har yau in na tuna ina jin takaicin daren da na yi ta kuka a banza.

To ga abin da nake ganin za ki yi, kuma ba duka rana ɗaya ba.

Ki fara da mai "ƴar albasa" don shi tsaranki ne ba shef ba. Kar ki tare shi gaban mutane, namiji in an kunyata shi cikin jama'a kare kansa zai yi ko ya san bai da gaskiya, kuma ƴan dariyar nan za su koma bayansa. Ki same shi shi kaɗai, bayan sallar azahar ko lokacin da buro ya yi shiru, ki ce masa wane, sunan nan da kake kirana da shi ba na so, na san wataƙila wasa kake amma ni yana ɓata mini rai, ka kira ni da sunana. Shi ke nan. Kar ki ce masa kai mai raini ne ko kai mai ƙabilanci ne, da kin faɗi haka magana ta koma kan halinsa, za ku kwana kuna musu ko shi mutumin kirki ne ko a'a. Ki tsaya kan abin da ya faɗa da yadda ya same ki, wannan ba ya musuntuwa. In ya ce wasa ne, ki ce na ji, amma ka bari. In ya ƙara, ki maimaita da murya ɗaya ba tare da murmushi ba, murmushin nan da muke yi don kunya shi suke ɗauka izini. Kuma ki sani albasar da yake toshe wa hanci, ta Galmi, ita ake lodawa manyan motoci zuwa Abijan da Akara, gumin mutanenku ne, babu abin sunkuyar da kai a ciki.

Irin maganar shef kuwa, mai zuwa cikin rigar yabo, tambaya ce maganinta. In ya sake cewa ba ki yi kama da ƴan Tawa ba, ki ce cikin ladabi, shef ban gane ba, yaya ƴan Tawa suke? Sai ki yi shiru ki jira. Za ki ga mutum ya fara in-ina, don sai ya buɗe baki zai ba da amsa sannan yake jin abin da ya faɗa da kunnensa. Ba ki zage shi ba, ba ki yi rashin kunya ba, kin dai miƙa masa maganarsa ya duba. Haka wanda ya ce ba a ba mace babban dosiye, ki tambaye shi wane dosiye ne ya taɓa lalacewa a hannuna? Hutun haihuwa mako 14 ne a dokar aiki ta ƙasar nan, haƙƙi ne ba alfarma ba, kuma ke ko auren ba ki yi ba an fara yanke miki hukunci da cikin da babu shi.

Zancen shayi da rubutu kar ki jira sai an shigo da faranti, lokacin ya ƙure, duk abin da kika yi za a ce kin yi tsiwa. Ki je wurin shef tun kafin taro ki ce kina so a riƙa yin rubutun bi da bi don in kina rubutu ba kya samun sa baki a lissafin da ke hannunki, kuma masu sitaji su ma su koya, ai don koyo suka zo. Kin ba shi dalilin aiki, zai yi wuya ya ƙi. Ranar taro kuma ki zauna nesa da ƙofa, ki buɗe kwamfutarki da takardunki gabanki.

Wanda ya fi ci mini rai cikin wasiƙarki shi ne shawarar da aka ɗauke, don sauran suna taɓa zuciya, wannan kuwa yana taɓa aljihu, da irin wannan ake ƙarin girma a bar ki a wuri ɗaya shekara goma. In ya sake faruwa, take a wurin ki ce na ji daɗi wane ya goyi bayan abin da na kawo ɗazu, bari in ƙarasa bayanin yadda za a yi. Tunda dabarar taki ce ke kika san cikinta, shi ba zai iya ƙarasawa ba. In shawara mai nauyi ce ki tura wa shef a rubuce kafin taro, ta imel ko WhatsApp, kwanan wata na nan. Sannan ɗayar macen da kuke taro tare, kin taɓa zama da ita? Ki kai mata ziyara ko ku ci dambu tare da rana ki buɗe mata ciki, ina tabbatar miki tana da nata labarin. Ku yi alkawari in an tsallake maganar ɗaya, ɗayar ta ce a dakata, wance ta faɗi wani abu ban ji an amsa ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Ranar 13 ga Mayu da muke ɗinka anko muna biki kowace shekara, asalinta matan Yamai ne suka fito titi a 1991 don an kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa an sa mace ɗaya tak a ciki, da sun tsaya kowa na haƙuri a ɗakinta da ba a ƙara ko kujera ɗaya ba.

Ki sayi ƙaramin kaye ki riƙa rubutawa, rana kaza, wane ya ce kaza, gaban wane da wane. Ki bar shi a gida ba a buro ba. Amfaninsa biyu ne, ran da zuciya ta ce miki ke ce kika cika sa abu a rai sai ki buɗe ki gani da idonki, in kuma abin ya kai ga ƙara kina da abin nunawa. Gaskiya ita ce sufeton aiki ba zai taso don an ce miki ƴar albasa ba. Amma dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012, a aya ta 5, ta hana mai ba da aiki ya dubi jinsi ko shekaru ko asali ko launin fata ko addini ko naƙasa wajen ɗauka aiki, rabon aiki, albashi, ƙarin girma ko kora. Ran da aka hana ki dosiye ko matsayi aka ce don ke mace ce, an shigo gonar doka, nan ne za ki nemi delegen ma'aikata in kamfaninku na da shi, ko sindika, ko ki je ofishin sufeton aiki da kayenki a hannu.

Inna kuma kar ki ga laifinta, ta san yadda samun aiki yake a ƙasar nan, tsoro take ji miki. Ni ma ban ce ki aje aiki ba, ban ce ki yi faɗa da kowa ba, wata maganar ki bar ta ta wuce don ba kowace rana mutum ke da ƙarfin tanka ba, kuma ranar da kika yi shiru ba ki yi laifi ba. Sai dai haƙurin da ke hana barci yana murɗa ciki ya fara cin jiki, in ya ci gaba ki je likita a duba ki, kar ki raina shi.

Wasiƙa ta biyu

Tanti barka da aiki. Ni direba ne a wani furoje nan Tawa, shekara shida. Akwai wani ma'aikaci da muka fito yanki ɗaya, ya san gidanmu ya san kakannina. In mun fita daji da baƙi sai ya riƙa ce mini "bawana, kawo ruwa", in baƙi sun tambaya ya ce ai wasa ne tsakaninmu, kakansa ne ya mallaki kakana. Ni ba na dariya amma ba na magana. Ran nan ɗana ya zo kawo mini abinci ya faɗa a gabansa, yaron ya tambaye ni a gida baba mu bayi ne? Tanti ban iya ba shi amsa ba. Mi ya kamata in yi?

Ƙanenki daga Tawa

Amsa

Ƙanena, na karanta wasiƙarka sau uku, tambayar yaron nan ta tsaya mini a wuya.

Wannan ya wuce ƙaramin raini. Gaskiya ne taubasai na ce wa juna bawana, Bafillace ya faɗa wa Babarbare shi ma ya mayar masa, ana dariya don kowa ya san babu wanda ya taɓa mallakar wani a cikinsu. Shi wannan mutumin tarihin gaske yake ɗaukowa yana dukanka da shi gaban baƙi, ya kuma san ba ka da abin mayarwa. Tun 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30, kuma dokar ba ta tsaya kan saye da sayarwa ba, ta haɗa da wulaƙanta mutum saboda an ce asalinsa bawa ne. A jiharku ta Tawa aka sayar da Hadijatou Mani tana ƴar shekara 12, ta kai ƙara har kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce ƙasa ta kasa kare ta, aka yanke a biya ta miliyan 10 na sefa. Ƙungiyar Timidria da ta tsaya mata, tun 1991 take wannan yaƙi da bauta. Na kawo maka waɗannan ne don ka san ƙafarka a kan tudu take.

Ka same shi ku biyu, ka ce masa kalmar nan kar ka ƙara faɗa mini ita, ko da wasa, ko mu kaɗai ko gaban mutane, ɗana ya ji ta kuma ba zan yarda ya ƙara ji ba. In kana ganin ba zai saurare ka ba ka tafi da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ko limamin masallacin da kuke salla, a tuna masa aya ta 11 cikin Suratul Hujurat inda Allah Ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, Ya hana jifan juna da miyagun laƙabi. In ya ƙara bayan haka ka kai wa shugaban furoje a rubuce, da ranaku da sunan waɗanda suka ji, ka riƙe kofi ɗaya na takardar. Ku kuma abokan aikin da ke cikin motar kuna ji kuna kallon taga, da ɗayanku ya ce haba wane, bari wannan magana, da tuni ta mutu, shi direba shi kaɗai abin ya yi masa nauyi amma ku kalma biyu ce.

Yaronka kuwa ka zaunar da shi yau, kar ka bari sai gobe. Ka ce masa a'a, mu ba bayin kowa ba ne sai Allah, an zalunci mutane da yawa a da, wanda ya yi zaluncin shi ke da abin kunya, kuma mutumin nan ya yi kuskure zan gaya masa. Yaro na bukatar ya ji daga bakinka, ya kuma ga ka yi abin da ka ce.

Wasiƙa ta uku

Hajiya ina gaisuwa. Ni shef ɗin sabis ne a nan Yamai, mutum tara ke ƙarƙashina. Akwai wani yaro mai ƙoƙari sosai, shan inna ta taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami yana tafiya da sanda. Ni saboda tausayi ba na tura shi aikin waje, in za a je Doso ko Tilaberi sai in tura wani, kuma nakan ce wa baƙi ku ga wane, duk da halin da yake ciki ya fi masu ƙafa biyu aiki. Shekaranjiya ya shigo burona ya ce maganar nan na ƙona masa rai kuma hana shi fita na tauye shi. Wallahi raina ya ɓaci, ni da nake kare shi? Yanzu mutum ba zai yi alheri ba ke nan?

Wani shef daga Yamai

Amsa

Alhaji, na yarda da niyyarka ɗari bisa ɗari, kuma na ji daɗi da ka rubuto maimakon ka huce a kan yaron. Amma ka dubi abin daga kujerarsa. Duk baƙon da ya shigo, kafin ya san sunansa ko aikinsa, ka riga ka nuna masa ƙafar. Fitar da kake hana shi kuma a nan ake samun kuɗin misiyo, a nan ake sanin mutane, a nan ake koyon abin da ke kai mutum gaba, ran da za a yi ƙarin girma za a ce ai wane bai taɓa fita daji ba, a manta kai ne ka hana shi. Ka yanke masa abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, ba ka tambaye shi ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shekara nawa yana hawa mota yana sauka da sandar nan kafin ya san ka.

In ka taka mutum a kasuwa ba da gangan ba, ba ka tsayawa kana rantsuwa ba ka yi niyya ba, ɗaga ƙafa kake ka ce sannu. Kuma ka auna irin ƙarfin halin da yaro ke bukata kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar shef ɗinsa ya faɗi irin wannan, ina jin ya yi wata da watanni yana juya ta a ransa, kuma da bai ɗauke ka mutumin da ake gaya wa gaskiya ba da bai zo ba, sai dai ka ji ya nemi canjin wuri.

Gobe da safe ka kira shi, ka rufe ƙofa, ka ce na yi tunanin maganarka, na gode da ka faɗa mini, ka yi haƙuri. Kar ka ɗora "amma" a bayanta, kar ka sa shi ya koma yana lallashinka. Sai ka tambaye shi me yake bukata in zai fita, wataƙila kujerar gaba ce kawai, wataƙila masauki marar bene, wataƙila babu komai. In baƙi sun zo ka ce ga wane, shi ke riƙe da dosiye kaza, ka tsaya nan. Tafiyar Doso ta gaba kuma ka sa sunansa cikin takardar misiyo.

Mai tambaya ya aiko ta adireshin mujalla kamar kullum, ba ma buga suna. Ɗiyata ta Filato, ki sake rubuto mini bayan wata ɗaya in ji yadda kuka ƙare da mai toshe hanci.